Rafiou Mai Karatun Taya

Duk wanda ya ce bai san Rafiou ba a Zongon Kwatano, to a duba masa kunne. Mutum ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai ɗan tumbi da murya kamar ta mai shela. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, baki ne kawai ya girme shi. Ya taɓa sayar da waya, ya taɓa kiwon kaji, ya taɓa buɗe wurin wankin babura, kuma kowanne ka tambaye shi yadda ya ƙare sai ya ce mutanen garin nan ba su waye ba tukuna.

A bana taya ce ta shiga kansa. Ya je Lome ya kwana tara wajen wani abokinsa mai gadin shagon taya, ya dawo da wani ɗan ƙarfe kamar biro, wai na auna zurfin zanen taya. Tun daga tasha ya hana a kira shi Rafiou haka tsirara. Eksper, wato gwani, ya ce a ce.

Ga kuma dama ta faɗo masa har gida. Yayarsa Hajiya Karimatou tana da kamiyo, babbar mota mai ƙafa goma, wadda ke ɗaukar shinkafa daga tashar jiragen ruwa zuwa Malanbil can arewa, ta dawo da albasa. Direbanta Boureima, mutumin Gaya, siriri, mai ƙarancin magana, shekara goma sha huɗu yana riƙe da makullin motar nan. To sai ga tayoyin gaba sun soma cinyewa ta gefe ɗaya. Aka canja, tafiya uku suka sake cinyewa. Gefe guda zane na nan da haƙoransa, ɗaya gefen ya yi sumul kamar bayan faranti.

Rafiou ya ƙulla shirinsa a rai: zai nuna wa duniya hannun Boureima ne ke cin taya, makulli ya dawo aljihunsa, ya zama shef, wato shugaba, ya ɗauki direban da zai riƙa rusuna masa. Daga nan masu motocin Zongo kaf za su yi layi a ƙofarsa. Har ya zaɓi launin fentin da za a rubuta sunansa da shi.

Ranar Laraba da safe motar na tsaye a ƙofar gidan Hajiya, ita kuma ta fito da mayafi a kafaɗa, ranta a ɓace.

"Boureima, taya nake saye ko burodi?"

"Hajiya, motar ce..."

"Motar ba ta da baki," in ji Rafiou, ya kutso tsakaninsu. "Ni ne bakinta. Yaya, ki ba ni kwana uku. In ban fito miki da mai laifi ba, ki kira ni da sunan da kika ga dama."

Hajiya ta dubi ƙaninta, ta dubi tayar, ta miƙa hannu.

"Kawo makullin, Boureima. Litinin za a yi lodi. Ranar Juma'a bayan la'asar zan yanke. In ba hannunka ba ne, makullinka na nan. In hannunka ne, ka nemi wata motar."

Boureima ya daɗe yana laluben aljihu, ba don bai san inda makullin yake ba. Ya ba ta, ta ba Rafiou. Sai ya tsallaka titi ya zauna a bencin Wassila mai suyar doya da kifi, ya ɗora hannuwa a gwiwa. 'Ya'ya huɗu gare shi a wani ɗakin haya a unguwar Gbégamey, kuma kowa a layin ya san haka.

Rafiou ya naɗe hannun riga ya durƙusa gaban taya. Ya soka ɗan ƙarfensa nan, ya soka can, ya ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido. Ya ƙwanƙwasa tayar da yatsa ya kara kunne. Har sunsunawa ya yi. Kafin ya miƙe, masu zaman banza sun kai ashirin.

"Ta faɗa mini komai," ya ce. "Gaisuwa ce."

"Tayar ce ta gaishe ka?" in ji Wassila, tana juya doya. "Ka amsa dai ko?"

"Gaisuwar Boureima! Daga nan har Malanbil, duk wanda ya gani sai ya leƙo ta taga ya ɗaga hannu. Yana leƙowa nauyinsa na komawa hagu, taya na ci ta hagu. Ku duba da idonku."

Jama'a suka juya suka dubi Boureima, wanda rigarsa ke rataye a jikinsa kamar a jikin ƙusa.

"Wannan?" in ji Wassila. "Wannan da nake ɗora masa dutse a cinya in iskar teku ta taso? Kajina uku sun fi shi nauyi."

"Wassila, wannan fizik ne, ba suyar doya ba."

"To Allah ya ba fizik lafiya."

Baba Idrissou mai faci, wanda rumfarsa ke kusurwar layin tun kafin a haifi rabin masu kallon, ya taho a hankali ya shafa tayar hagu da tafin hannu, ya zaga ya shafa ta dama.

"Wannan ta ci ta waje, waccan ta ci ta ciki," ya ce. "Duk biyun gefe guda suka kwanta. Da za a bar ni in leƙa baya..."

"Baba, Baba! Ciwo na gaba, kai kana neman baya? In haƙori na damunka, diddige ake duba maka? Zamaninku na faci da gam ya wuce. Ka zauna ka ga aiki."

Tsohon ya ce, "To," ya koma rumfarsa, amma ya juyo da kujerarsa ta fuskanci motar.

Maganin farko, in ji Rafiou, a mayar da ta hagu dama, ta dama hagu. Ya aro jak ya dasa a ƙarƙashin motar, a kan yashin layin nan namu da ko turmi ka ajiye sai ya nutse.

"Sa katako a ƙasa," Baba Idrissou ya ƙwala daga nesa.

"A Lome ba a sa katako."

"A Lome siminti ka gani."

Rafiou ya yi kamar bai ji ba. Da ƙyar da gumi, da taimakon wasu 'yan zem biyu, wato 'yan acaɓa, masu riga ruwan ɗorawa da suka ajiye baburansu don kallo, aka kwance tayar hagu. Ya tsayar da ita a gabansa, ta kusa kai masa ƙirji, ya dafa ta da hannu ɗaya ya fara wa'azi.

"Taya kamar mutum take. Tana da fuska, tana da kafaɗa. Wadda na gani a Lome, faɗinta kamar haka..."

Ya buɗe hannu biyu don ya nuna faɗin.

Layin nan yana da ɗan gangare wajen masallaci, ba mai lura da shi sai ruwan sama. Tayar ta lura. Ta fara tafiya a hankali kamar mai jin kunya, sannan ta saki jiki.

"A tare ta! A tare ta!"

Wa zai tare tayar kamiyo? Mai tallan ruwa ya jefar da kwandonsa ya haye katanga. Akuyar wani gida ta tsinke igiya. Tayar ta bi ta kan butocin alwala goma sha biyu da ladan ya jera, ta bar su kamar an taka gwangwani, ta kauce wa rijiya kamar mai ido, ta shige shagon tela ta kwanta a kan buhun ƙyallaye. Tela ya fito da almakashi a hannu yana tambayar wa ya aiko masa da kwastoma.

Rafiou na can yana haki yana ba da haƙuri, sai aka ji wani nishi a baya. Jak ya nutse cikin yashi, motar ta sunkuyar da kafaɗarta ta hagu har bamba ya taɓa ƙasa.

"Allahu akbar," in ji Wassila, "ko motar ma ta rusuna wa Eksper."

Boureima ne ya tashi, ya ɗauko katakai a rumfar Baba Idrissou. Shi da tsohon suka haƙa, suka tokare, suka ɗaga motar, suka ɗaura tayoyin yadda Rafiou ya ce, aka kai azahar ana yi. Rafiou na tsaye a inuwa yana nuni da ɗan ƙarfensa.

"Dama ƙasar nake gwadawa," ya ce. "Yanzu na san irinta."

"Ka canja wa mara lafiya gado," in ji Baba Idrissou, yana goge hannu. "Ciwon na nan."

Wannan magana ta kwana a ran Rafiou. Alhamis da sassafe, Hajiya na fita kasuwar Dantokpa, sai ga shi da sabuwar dabara. Tunda gefe ɗaya ya cinye, ɗaya bai cinye ba, ai abin mai sauƙi ne: a rage mai tudun ya yi daidai da ɗan'uwansa. Ya je rumfar Baba Idrissou aron wuƙar da ake sake yanka zane da ita.

"Me za ka yi da ita?"

"Aski."

"Wuƙata ba ta aski."

"Baba, kishi bai kamace ka ba a shekarunka."

"Ka je ka gaishe da Lome."

Sai ya wuce wajen mai walda ya aro injin da ake goge ƙarfe da shi, ya jawo waya daga ɗakin Hajiya ta taga. Ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya kunna. Ƙarar kaɗai ta fito da matan layin gaba ɗaya.

Ya goga ta waje, ya ja baya ya duba. Ya zarce, yanzu cikin ne ya fi tudu. Ya goga ta ciki. Ya sake zarcewa. Ya koma waje. Baƙin gari na tashi, hayaƙi na warin ƙonannen roba na bin gida-gida. Ya sauka a kan shanyar Hajiya, fararen zannuwan gadonta suka koma kamar zabo. Ya sauka a cikin man Wassila.

"Rafiou! Kifina!"

"Eksper!"

"Eksper ɗin uwar wa? Zo ka ci wannan, tunda kai ka zuba masa yaji!"

"Saura kaɗan! Milimita biyu!"

Boureima ya tsallako ya tsaya kusa da shi. "Malam Rafiou, tayar nan tana da sauran tafiya biyu a jikinta. Ka bar ta haka, don Allah."

"Ka ji mai laifi yana tsoron bincike! Koma bencinka."

Ya koma. Milimita biyun nan suka ci awa guda. Da injin ya yi shiru, ba tudu ba kwari, ba zane ko ɗaya, sai wayoyin cikin taya da suka leƙo suna ƙyalli. Rafiou ya kwance ƙyallen hanci. Inda ƙyallen ya rufe fari, sauran fuskar baƙi ƙirin, idanu biyu ja.

"To," ya ce, muryarsa ta ɗan sauka. "Ta daidaita."

"Ta daidaita da kan Baba Idrissou," in ji Wassila.

Tsohon ya cire hula ya shafa sanƙonsa. "A'a, 'yata. Ni nawa waya ba ta fito ba."

Ana cikin dariya Hajiya ta sauko daga bayan zem. Ta dubi shanyarta, ta dubi wayar da ta fito ta tagarta, ta dubi tayar. Ta ajiye jakarta a ƙasa a hankali, abin da ba ta yi sai in za a ji jiki.

"Rafiou. Ina tayata?"

"Yaya, operasiyo na yi mata, tiyata irin ta likita. Ta waje kina ganin ta da rai, amma ta ciki ta mutu tuntuni. Hannun direba ne ya kashe ta. Da ban buɗe ta ba, da a hanya za ta fashe da shinkafarki. Ki gode wa Allah da ya ba ki ƙane."

"Ina gode masa a kan abubuwa da yawa."

"Gobe za ki gani da idonki. Zan ja layi a ƙasa. In tuƙa a kai, shi ma ya tuƙa. Hannun da ke rawa zai nuna kansa a gaban kowa."

Hajiya mace ce mai wayo a kasuwa, ba a taɓa sayar mata da ruɓaɓɓiyar albasa ba. Amma ita ta goyi Rafiou yana jariri, kuma wanda ka goya, ƙaryarsa ma daɗin ji gare ta. Ta yi tsaki ta ɗauki jakarta.

"A ɗaura safaya. Gobe ne ƙarshe."

Boureima ya ɗaura safayar shi kaɗai. Da ya gama, Wassila ta tura masa faranti da doya da kifi daga sabon mai. Ya ce ya ƙoshi. Ta ce ba tambayarsa ta yi ba.

Juma'a da asuba aka yi ruwa, yashin layi ya kwanta lumus. Rafiou ya bi gida-gida da bokiti yana roƙon toka. A masallaci kuwa, ana sallamewa ya tsaya a ƙofa yana gayyatar duk mai mota a Zongo, musamman Alhaji Muktar mai kamiyo shida, wanda shi ne babban kifin da yake hari.

Ya yi hayar kujeru arba'in ya jera su sahu uku a gefen hagu, wajen inuwa, don manyan baƙi su ga fuskarsa ta tagar direba. Kujerun suka cinye rabin layi. Saboda haka da ya zo jan layin toka, dole ya matsa dama, wajen kwatar da aka rufe da falankin siminti. Ya auna da taku: in tayar hagu na kan toka, ta dama za ta wuce da tazarar tafin hannu daga bakin kwata.

"Ya yi kusa," in ji Baba Idrissou.

"Ga wanda hannunsa ke rawa."

Bayan la'asar layi ya cika. Alhazai a kujeru, mata a ƙofofin gida, 'yan zem a kan baburansu. Hajiya ta zauna a tsakiya. Rafiou ya fito cikin farar shadda mai aiki a wuya, yana kaɗa makulli a yatsa yadda kowa zai gani.

"Jama'a, mota ba ta ƙarya. In hannu ya miƙe, mota ta miƙe. Zan fara, don a ga yadda ake yi. Sannan a kira wancan."

Ya hau. Ya tayar, ta mutu. Ya sake tayarwa, ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Ya nemi giya ya danna oda, wani Alhaji da ke gyangyaɗi ya zabura ya ce amin.

"Ka saki birkin hannu," in ji Boureima daga benci, a hankali, don bai iya jin ana wahalar da motar.

"Na sani! Gwada shi nake!"

Ta tashi. Kuma a faɗi gaskiya, ko da ba daɗi: Rafiou ya ɗora tayar gaba a kan tokar nan daidai wa daida. Ya fito da kai da kafaɗa ta taga, harshe a waje, ido a kan taya, yana tafiya kamar hawainiya. Ko kauce ɗaya babu.

"Kun ga hannu? Alhaji Muktar, ka ga hannu?"

Amma waɗanda ke tsaye a baya wani abu daban suke gani. Kan motar na bin layi, gindinta kuwa ya ɗauki tasa hanyar. Ƙafafun baya sun zame dama, motar na tafe a karkace, kamar karen da ke gudu da ƙugu a gefe.

"La ilaha!" in ji Wassila. "Ƙaguwa! Wallahi irin tafiyar ƙaguwar bakin teku a Placodji!"

Ƙafafun baya na dama suka hau falankin kwata. Na farko ya yi ƙara. Boureima ya tashi a guje, mutumin da ba a taɓa jin muryarsa daga tsallaken titi ba.

"Tsaya! Tsaya! Baya! Kwata!"

Jama'a suka ɗauka, kowa na ihu yana ɗaga hannu. Rafiou ya ga hannuwa a sama, ya ji ana kiran sunansa, daɗi ya kama shi. Ya saki hannu ɗaya ya ɗaga musu.

"Na gode! Na gode! Boureima, hassada ba ta da amfani, lokacinka na zuwa!"

Falanki na uku bai yi shawara da kowa ba. Ya rushe, ƙafafun baya suka faɗa, motar ta zauna a ƙugunta na dama, baƙin ruwan kwata da ruwan asuba ya cika ya yi tsiri ta ƙarƙashin mota ya sauka a sahun gaba. Alhazai suka watse suna kaɗe riguna. Rafiou ya diro ya zaga da gudu don ya ga abin da ya faru, ya taka guntun falankin da ya rage, shi ma ya bi motar. Ruwa ya kai masa ƙugu.

Ba wanda ya kula shi, don Baba Idrissou ya riga ya tsaya a tsakiyar layi yana kiran Hajiya.

"Zo ki gani, 'yata. Yashin nan ya rubuta miki, ba sai an je Lome ba."

A kan jiƙaƙƙen yashi ga sawun tayar gaba a kan toka, miƙe sak. Ga sawun ƙafafun baya, ya rabu da shi tun daga farko, ya bi gefe da fiye da tafin hannu, har bakin ramin.

"Mota mai lafiya, baya na taka inda gaba ya taka. A ba ni igiya."

Aka kwance igiyar shanya. Tsohon ya ba Boureima bakin igiyar ɗaya ya riƙe a cibiyar tayar gaba ta hagu, ya ja zuwa cibiyar ta baya, ya ƙulla alama. Suka zaga dama suka sake. Igiya ta gaza da yatsa huɗu. Baba Idrissou ya cire hula ya ba Wassila, ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar ta gefen da ya ɗaga. Can sai ga shi ya fito da guntun ƙusa mai kauri, ya ɗora a tafin Hajiya.

"Ƙusar tsakiyar sifirin ce, ita ke riƙe ƙafafun baya a wurinsu. Ta karye, gefen dama ya zame baya. Gindi na tura mota gefe, direba na danne sitiyari don ta miƙe, tayoyin gaba na gurzar kwalta tun daga nan har Malanbil. Dubi tsatsar bakin karayar. Ta yi wata huɗu. Ko wa kika ɗora a kujerar nan, haka za ta ci. Abin mamaki ma shi ne yadda mutumin nan ya kai ta ya dawo da ita ba ta kwanta a daji ba."

"Abin da nake son nunawa ke nan!" wata murya ta fito daga kwata. "Da gangan na matso da layin! Alhaji Muktar, ka shaida, da ban jefa ta ba wa zai gani?"

Alhaji Muktar na matse bakin babbar rigarsa. "Na shaida, Eksper. Har a jikina na shaida."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta juya wajen direbanta.

"Boureima, kai ba ka ji motar na ja ba?"

"Na ji, Hajiya. Tun ramin da muka faɗa bayan Kandi. Sau uku na faɗa miki."

"Na ce me?"

"Kika ce direba ke jan mota, ba mota ke jan direba ba."

Hajiya ta tattare zaninta, ta taka matakalar motar da kanta, mace mai jikoki, ta zare makullin daga inda Rafiou ya bar shi. Ta sauko ta goge shi da bakin mayafi, ta miƙa da hannu biyu.

Boureima bai ɗaga hannu ba.

"A gaban mutane aka karɓa, Hajiya."

"A gaban mutane nake mayarwa. Shekara goma sha huɗu ka faɗa mini gaskiya ban ji ba, na je na ji ta mai kwana tara a Lome. Na yi kuskure. Ka yafe mini."

Ya dubi makullin, ya dubi motar da ke zaune a kwata. Sannan ya karɓa, ya jefa a aljihun gaba, ya dafa shi ta waje.

"Ba za ta tashi ba sai Baba ya ɗaure mata ƙugu."

"Ba za ta tashi ba," in ji Hajiya.

"Kuma Malam Rafiou, ko inuwarta kada ya zauna."

"Ko inuwar gidan ma sai na yi shawara."

"Jama'a, a ba ni hannu mana!" in ji Rafiou. "Akwai abin da ke motsi a nan ciki!"

Kowa ya dubi rigarsa ya ja baya. Boureima ne ya je ya tokare ƙafa, ya kama shi ya fizgo, sai ga Eksper a kan yashi, takalmi ɗaya, shadda ta koma kalar kwalta daga ƙugu zuwa ƙasa. Wassila ta kawo bokitin ruwa ta sheƙa masa ba tare da ya roƙa ba.

Ya share fuska, ya yi tari, ya buɗe ido. Idon ya faɗa a kan ƙaramar motar Alhaji Muktar da ke ajiye a bakin layi. Ya ƙanƙance shi, ya fara laluben ɗan ƙarfensa a aljihu.

"Alhaji, wannan tayar taka ta gaba, tun ɗazu nake lura da ita..."

Alhaji Muktar, mai ciwon gwiwa da ba ya sallah sai a kujera, ya isa motarsa kafin a ƙifta ido. Sauran alhazai suka bi. 'Yan zem suka buga baburansu gaba ɗaya. Har mai turin baro ya juya kan baronsa ya shige lungu da gudu. Kafin a kira magariba ba abin da ya rage mai taya a layin sai kamiyon Hajiya, ita ma don ƙafarta na cikin rami ne.